Tagullar Baba Levi

Ƙanwata Damaris ta canza aiki sau uku, kuma har yau in matan zumuntar majami'a suka tambaye ni abin da take yi a Legas, sai in ce musu tana nan lafiya, tana gaishe su. Me zan ce? Da farko injiniyan lantarki ta karanta a Zariya, ta yi shekara biyar tana hawa turakun sadarwa da hular kwano a ka, har aka aiko mana hoto Baba ya rataye a falo. Ba mu gama alfahari da hoton ba sai ga labari wai ta tafi ƙasar waje karatun ƙwaƙwalwa. Muka ce madalla, mun yi likita a gida. Ashe ɓeraye take sa wa siririyar waya a ka tana sauraron abin da ke gudana a ciki. Shekara tara tana wannan, mu kuwa muna nan muna ɗana wa namu ɓerayen tarko a rumbu. Da ta dawo sai ta ajiye ɓerayen ta koma zaman kwamfuta, wai tana tara bayanan marasa lafiya dubu-dubu, tana koya wa na'ura ta gane ciwo tun bai fito fili ba.

Ni Hellen, yayarta, aiki ɗaya na yi. Na riƙe alli a Kafanchan shekara talatin da biyar, na yi ritaya bara, kuma ba wanda ya taɓa rataye hotona a falo. Ba ƙorafi nake yi ba. To, da ɗan ƙorafi a ciki.

Mahaifinmu, Baba Bartholomew, mai duba layin dogo ne tun kafin a haife mu. Gidanmu yana Kagoro, dutse a bayansa, layi a gabansa. Aikinsa shi ne kullum da safe ya saɓa doguwar guduma, ya sa sifana a aljihu, ya bi layi da ƙafa ta wajen Manchok yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare, inda noti ya kwance ya ɗaure. Ya fi shekara ashirin da yin ritaya. Jirgin ma sai a yi wata da watanni ba a ji kukansa ba, ciyawa ta cinye rabin layin, amma Baba bai fasa ba. Mun ɗauki abin motsa jiki ne. Goggo Rosemary, ƙanwarsa da ke zaune da shi tun rasuwar Mama, takan ce a ƙyale shi, gara layi da gidan burkutu.

Shekara biyu ke nan da mantuwa ta fara kama shi. Ya ci tuwo ya wanke hannu, ya ce yaushe za a ba shi abinci. Wani lokaci ya kira ni da sunan Mama. Ran wata Lahadi ya tashi a majami'a zai karanta nassin da aka riga aka karanta, sai da fasto ya lallaɓa shi ya zauna. Da Damaris ta zo bikin sabuwar shekara ta ɗaura masa wani baƙin agogo, ta ce ita da abokan aikinta suka haɗa cikinsa, zai riƙa rubuta duk inda ya taka. Na ce mata da ma agogon yana dafa abinci da wanki da ya fi mini amfani. Ta yi dariya, ta koma Legas.

Da damina ta faɗi, ana cikin dashen citta, Baba ya ɓata. Ya fita da safe, har azahar shiru. Wani mai mashin ne ya tsince shi can gab da Manchok, zaune a kan layi, ƙafafu sun kumbura, bai san inda yake ba. Bayan mako biyu ya sake. Na uku kuwa ruwa ne ya yi masa dukan kawo wuƙa, ya kwana huɗu a asibiti da ciwon ƙirji, ni ce a kan benci.

Daga nan na yanke shawara. Na share ɗakin da ke kusa da nawa a Kafanchan, na sa aka yi masa fenti. Gidana da katanga, da ƙofar ƙarfe, da kwaɗo. Na yi magana da Ɗan'auta mai a-kori-kura ya zo ran Asabar ya kwashe gado da akwati. Na san Baba zai tsane ni a kan haka. Mutumin da ya yi shekara sittin yana buɗe ƙofa ya ga layi, a kai shi inda zai buɗe ya ga bango. Amma na gaji da tsoro, kuma na fi so ya tsane ni yana raye. Abu ɗaya nake buƙata, kada gobe dangi su ce Hellen ta kulle ubanta don son ranta. Sai na kira mai digiri uku na ce ta zo ta faɗa da bakinta.

Ta iso ran Alhamis da rana, ruwa yana ta zuba a kan kwano. Ta rame, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, abin da ya ɗan sanyaya mini rai, don na ɗauka ni kaɗai ke tsufa. Baba ya gane ta nan take, ya ce, “Injiniya ya zo!” Ni da na kawo masa kunu da safe sai da ya tambayi Goggo ko wace ce. Na haɗiye wannan ma.

Da ya shiga ya kwanta ta buɗe kwamfuta a teburin falo, ƙarƙashin hotonta. Ta juyo mini da fuskar. Jan layi ne ɓaro-ɓaro a saman shafi.

“Sista, ga ripot ɗin,” ta ce. “Sistem ya ce yawo ne marar kan gado. Tun Janairu yake nuna ja. Yana goyon bayanki.”

“To, Yesu ya yi miki albarka. Sai Asabar.”

Ba ta rufe kwamfutar ba. Ta tsura mata ido tana cizon leɓe, irin yadda take yi tun tana ƙarama in an ba ta rabon nama tana zargin an cuce ta.

“Tun Janairu,” ta sake cewa. “Amma ai bai fara ɓata ba sai Mayu. Abin da ya yi ja a lokacin da mutum ke dawowa gida lafiya, kuma ya yi ja a lokacin da yake ɓata, bai gaya mini komai ba. Bari in ga ɗanyen deta, ainihin abin da agogon ya rubuta.”

Raina ya ɓaci. Na kira ta ta sa hannu, ta zo tana binciken na'urar da ita ta ƙera. Na tafi kicin na taya Goggo gyaran yakuwa, ina yi ina mita. Sai da aka kusa awa biyu ta kira ni, muryarta ta canza.

Yanzu taswira ce a fuskar kwamfutar, da ɗige-ɗige a jere kamar an shuka masara. Ta ce kowane ɗigo wuri ne da Baba ya tsaya. Sistem ɗin ya ga mutum yana tafiya yana tsayawa, yana tafiya yana tsayawa, sau ɗaruruwa a safiya ɗaya, shi ya sa ya ce ruɗewa ce, don da tafiyar tsofaffin wata ƙasa aka koyar da shi, masu zagaya unguwa suna neman ƙofarsu.

“Amma auna tsakanin ɗigo da ɗigo, Sista. Mita goma sha biyu. Goma sha biyu. Goma sha biyu. Ruɗaɗɗen mutum ba ya awo. Tsawon ƙarfe ɗaya ne na layi. A kowace mahaɗa yake tsayawa ya buga guduma. In zai tafi yana bin ƙarfen dama, in zai dawo na hagu. Ko ɗaya bai taɓa tsallakewa ba.”

“Wato lafiyarsa ƙalau, ni ce mahaukaciya?”

“A'a. Ciwon yana nan, kuma gaba zai yi. Na yi shekara tara a kan wannan, ba zan ruɗe ki ba. Amma abin da jiki ya yi shekara hamsin yana yi ba a wuri ɗaya ƙwaƙwalwa ke ajiye shi da sunan mutane ba. Shi ne ƙarshen abin da ke tafiya. A kan layi Baba bai ɓata ba. Wani abu ne dabam ya faru.”

Ta nuna mini ƙarshen ɗige-ɗigen. Daga Janairu har farkon Afrilu, kullum a wuri ɗaya yake tsayawa, kamar kilomita huɗu daga gida. Ya yi minti goma, ya juyo. Kullum, ban da Lahadi. Daga nan sai minti goman ya koma awa ɗaya, wani lokaci biyu, kafin ya juyo. A Mayu kuma ya fara wuce wurin.

“Ranar ƙarshe da ya yi minti goma, takwas ga Afrilu,” ta ce. “Me ya faru tara ga wata?”

Goggo Rosemary tana tsaye a bakin ƙofa da wuƙa a hannu. Ta dube ni, na dubi ƙasa. Tara ga Afrilu aka wayi gari Baba Levi ya rasu. Abokin aikin Baba ne tun suna samari, shi ke duba sashen layi daga inda na Baba ya ƙare har Manchok. Ni na hana a gaya wa Baba. Hawan jininsa ya tashi a makon, na ce labarin zai kashe shi, kuma ai sun yi shekaru ba sa ziyartar juna, wa ya sani ko ma ya manta da shi. Ni kaɗai na je jana'iza, na ce masa taron zumunta na tafi.

Na faɗa wa Damaris haka, ina jiran ta yi mini wa'azi in samu abin faɗa. Sai kawai ta ce gobe mu bi shi.

Ran Juma'a da safe gari ya washe. Baba ya sa tsohon kwat ɗinsa na kaki, ya saɓa guduma, ya fita ko sallama babu. Muka bi shi daga nesa, zannuwanmu suna jiƙewa da raɓa. Rabona da taka layin nan tun ina ’yar makaranta. Gonakin citta dama da hagu an lulluɓe su da ganye, dutsen Kagoro a bayanmu da hazo a kansa. Baba kuwa wani mutum ne dabam. Tsohon da ke laluben takalminsa a gida, ga shi yana taka ƙarfe da tsakuwa ba tuntuɓe. Ya tsaya, ya buga, ya karkata kai, ya wuce. A wata mahaɗa ya durƙusa ya ciro sifana.

“Kin tuna yana sa mu mu rufe ido?” Damaris ta ce a hankali. “Ya buga mai lafiya, ya buga mai tsaga, ya ce mu faɗi wanne ne wanne. Ke kike cinyewa kullum.”

Na tuna, amma ban san ita ma ta tuna ba.

“Mutane suna cewa na canza aiki sau uku,” ta ce. “Ni a ganina ban taɓa canzawa ba. Waya, ƙwaƙwalwa, deta, duk bugawa nake ina sauraron inda ƙara ta saɓa. Amma jiya na ji kunya. Wata shida abin da na ƙera yana kallon Baba yana aikin da ya koya mini, yana kiransa ruɗewa, ni kuma ban buɗe na duba ba.”

Na ce mata ta rage falsafa ta dubi gabanta, akwai kashin shanu.

Wurin da ɗige-ɗigen suka ƙare wani turken ƙarfe ne a gefen layi, da sauran farin fenti a jikinsa, kusa da wata ɗorawa. Baba ya jingine guduma, ya sa hannu a aljihu, ya tsaya yana kallon wajen Manchok. Muka zauna bayan wani tsohon suri muna kallonsa. Rana ta ɗaga. Ya zauna, ya tashi, ya sa hannu a goshi yana hange. Da aka fi awa ɗaya sai ya ɗauki guduma ya tsallake turken. Damaris ta ruga ta sha gabansa, ni ina biye ina haki.

“Baba, ina za ka? Gida na baya.”

Ya dube mu kamar masu tare hanya. “Levi bai zo ba.”

“To mu koma, gobe ka dawo.”

“Ke ba ki san aiki ba.” Ya buɗe tafin hannunsa. Wani ɗan faifan tagulla ne mai huji, kamar tsohon kwabo, an buga masa lamba goma sha biyar. “Ba a komawa sai an yi canjin tagulla. Shi ne shaida kowa ya kai ƙarshen sekshan nashi. In abokin diyuti bai zo ba, ko ya faɗi ne, ko layi ya lalace a wajenshi. Sai ka shiga sekshan nashi ka neme shi. Ka koma gida ka ci tuwo, jirgi ya faɗi da mutane?”

Mun san zancen tagullar nan tun muna yara, har wasa muka yi da ita. Abin da ba mu sani ba, tsofaffin nan biyu ba su taɓa dainawa ba. Tun Mayu ubana yake shiga sashen da ƙafarsa ba ta haddace ba yana neman mutumin da na gani da idona an saka a rami. Da ƙyar muka juyo da shi, sai da Damaris ta ce masa an aiko daga tasha ana nemansa.

Da yamma muka hau mashin zuwa ƙauyen su Baba Levi. Matarsa, Mama Clara, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Da muka faɗi abin da ya kawo mu ta tafa hannu.

“Kai, yarana! Ni na ɗauka kun sani. Kowane safe shi yana fita, ko ciwon ƙafa ya kama shi. Ya ce in bai je ba Bartho ba zai koma gida ba. Tun da kan Bartho ya fara juyawa, shi Levi ya gane kafin ku. Ya ce mini, Clara, mutumin nan ya manta sunan yarana duka, amma bai manta lamba ba.”

Ta shiga ɗaki ta fito da tagullar a ƙulle cikin hankici, da wata tsohuwar hular kaki. Lambar da ke jiki goma sha huɗu ce. Ta ce a aljihunsa ta same ta ranar da ya rasu, ta yi ta jira wani daga gidanmu ya zo ya karɓa. Ta dube ni, ba da faɗa ba, ta ce, “A wurin biso na so in ba ki, amma kin yi sauri kin tafi.”

Kafin rana ta faɗi na zaunar da Baba a falo na gaya masa da bakina. Na ce Levi ya rasu tun Afrilu, ni na ɓoye masa, ya gafarta mini. Ya yi kuka irin wanda ban gani ba tun ranar Mama. Goggo ta yi addu'a. Ya ƙi cin abinci, ya shiga ɗaki. Na ce a raina, to, an gama, ya sani, gobe ba zai fita ba, Ɗan'auta ya zo mu tafi salin-alin.

Ran Asabar da safe ina haɗa kayansa a akwati sai na ji ƙarar guduma ta bugi dokin ƙofa. Ga Baba cikin kwat, fuskarsa wasai, yana ce wa Goggo ta yi sauri da shayi kada Levi ya riga shi. Daidai lokacin a-kori-kurar Ɗan'auta ta tsaya a ƙofar gida.

Na ja Damaris bayan ɗaki. A nan na sauke mata abin da na yi shekara ashirin ina tarawa.

“Na san abin da za ki ce. A sa wani ya tsaya a turke da tagulla. Wa? Goggo da gwiwarta? Ke jibi za ki hau mota ki koma wurin kwamfutarki, ki riƙa kallonmu muna zama ɗige-ɗige. Lokacin ciwon Mama kina wajen ɓeraye. Ni na wanke ta, ni na juya ta. Yanzu kuma in riƙa tasowa daga Kafanchan kullum da sassafe ina wasan reluwe da tsoho, don ki ji daɗin kin gano wani abu?”

Ta tsaya ta saurare ni har na gama, idonta ya kawo ruwa.

“Gaskiyarki ne, Sista. Duka. Kuma ba zan ce miki wannan magani ne ba. Wataƙila shekara ɗaya, wataƙila bai kai ba, rana za ta zo da ko an ba shi tagulla ba zai san me ake yi da ita ba. Ranar sai ɗakinki. Amma in kin kai shi yau, gobe da safe zai tashi ya sa kwat ya tarar da kwaɗo, kuma a ransa Levi na can yana jira, jirgi na zuwa. Kullum. Na karanta abu uku, ba ɗaya da zai gyara Baba. Iyakar abin da na iya shi ne in nuna miki inda yake juyawa. Yau ni zan tsaya. Sauran ke za ki yanke, kuma duk abin da kika yanke zan faɗa wa dangi da bakina ni ma na yarda.”

Muka ji ƙarar ƙyaure. Baba ya fita. Na leƙa na ga bayansa, guduma a kafaɗa, ya tsaya a mahaɗar farko ya buga. Haushi ya ishe ni, na rasa wa zan ji wa, ita, ko shi, ko Levi da ya mutu ya bar mini aiki.

“Ba ni nan,” na ce, na fizge hankicin tagullar daga hannunta. “Ke da ba ki zama wuri ɗaya, za ki iya jiran mutum? Bi shi a baya.”

Ɗan'auta ya ga na fito ba gado ba akwati, na ce ya kai ni hanyar Manchok. Mutumin kirki, bai tambaye ni komai ba. Ya sauke ni inda ɗorawar ke hangowa, na ratsa gonar citta ina neman gafarar mai ita a zuci. Na ɗora hular Levi a kan ɗankwalina. Mace mai shekara hamsin da takwas, tsohuwar shugabar makaranta, ma'ajiyar littafin waƙoƙin zumunta, tsaye a daji da hular mamaci. Na roƙi Allah kada wani ɗalibina ya wuce.

Ƙarar na fara ji kafin in gan shi, tana zuwa ta cikin ƙarfen da ke gabana. Ya iso, ya jingine guduma, ya dube ni daga sama har ƙasa. Bai gane ni ba. Na san haka za a yi, amma sai da ya soke ni.

“Ina Levi?”

“Ya huta, Baba. Ni aka turo a madadinsa.”

“An fara ɗaukan mata?”

“An fara.”

Ya miƙo hannu, na sa masa tagullar. Ya kai ta kusa da ido, ya shafa lambar da babban yatsa.

“Sha huɗu. Nawa ne wannan. Ya daɗe a wajenku.” Ya ba ni ta sha biyar. “Yaya sekshan?”

“Lafiya lau.”

“Ina guduma?”

Na ware hannuwana, ba komai a ciki.

“Ba a cewa lafiya in ba a buga ba. Yau na ƙyale ki don ke sabo ne.”

Ya zauna a kan ƙarfe, ya buga gefensa da hannu in zauna. Ya ciro dafaffiyar gyaɗa daga aljihu, ya raba biyu daidai, ya zuba mini rabi. Ashe minti goman da kwamfuta ta ƙirga ke nan. Can nesa na hango Damaris ta tsaya a gefen layi, ba ta matso ba.

“Kina da yara?” ya ce.

“Uku. Kai fa, Baba?”

“Mata biyu. Ƙaramin yana Zariya, injiniya. Kai ne da shi, ba a magana. Amma ƙafa ne da shi kuma, ba ya zama.”

Na ɓare gyaɗa. Na ce kada in tambaya, bakina ya riga ni.

“Babbar fa?”

“Hellen?” Ya yi dariya har da tari. “Masifa. In ya fara faɗa, kaji ma suna barin gida.” Ya tauna gyaɗa, yana kallon layi. “Amma kunne ne da shi, ya fi ƙaramin. Da a reluwe yake, shi zan bar wa sekshan nawa in kwanta in yi barci. Ko ruwa ko rana, inda ka bar shi nan za ka same shi. Ban gaya mashi ba, kada kai ya kumbura.”

Na yi kamar ɓawon gyaɗa ne ya shiga mini ido. Ya tashi, ya karkaɗe kwat, ya jefa tagullarsa a aljihu, ya saɓa guduma.

“Gobe Lahadi, ba diyuti. Litinin ki zo da guduma.”

Ya tsallaka zuwa ƙarfen hagu, ya juya fuskarsa wajen Kagoro.

Wata bakwai ke nan. Mama Clara ta ba ni gudumar Levi, nauyinta ya sa mini ciwon kafaɗa. Damaris ta koma Legas ta rushe rabin sistem ɗinta, wai yanzu kafin ya yanke wa tsoho hukunci sai an tambayi iyalinsa aikin da ya yi a rayuwa. Tana zuwa ƙarshen kowane wata ta karɓe ni kwana uku, Baba ya ce sabon ma'aikacin nan bai kai na kullum ba. Ta ce mini ɗige-ɗigen sun fara giɓi, yana tsallake mahaɗa ɗaya-ɗaya. Na ce ba sai ta faɗa ba, ina ji a ƙarfe.

Ɗakin Kafanchan yana nan, ina share shi duk Asabar, kwaɗon yana cikin durowa. Kowace safiya in ya karɓi tagulla sai in riƙe numfashi, ina kallon ƙafafunsa, har in ga inda za su fuskanta. Yau dai ya juya gida.